Ganye da saiwa na iya kashe ƙwayar bairas? Abin da aka tabbatar da abin da ake tallatawa

Shin akwai ganye, saiwa ko sassaƙen da ke warkar da cututtukan bairas irin su ciwon hanta, sida (wato ƙanjamau), korona da mura? Tambayar tsohuwa ce, amma tun shekarar 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe iyakoki har mutanen Kuseri da ke Kamaru suka kasa tsallaka gada zuwa Njamena ta Chadi yadda suka saba, ta zama abin muhawara a majalisar shayi da tashar mota da saƙonnin murya na WhatsApp. Wasu na cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, maganin kuwa yana nan a dajinmu, Turawa ne ke rufa-rufa don su sayar da nasu. Wasu kuma, musamman cikin 'yan boko, da an ambaci ganye sai su taɓe baki su ce camfi ne.

Ni dai ina cikin masu ganin tsirranmu sun cancanci a bincike su da gaske. Saboda haka ne ma nake jin zafin masu fakewa da sunan tsirran nan suna yi wa marasa lafiya alkawarin da babu wanda ya tabbatar da shi.

Me ya sa bairas ke da wuyar magani

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Taifot da kwalara bakteriya ce ke kawo su. Zazzaɓin cizon sauro wata ƙwaya ce daban mai zama a hanta da jini. Su kuwa ƙyanda, ƙarambau, shan inna, mura, haukan kare, sida, korona da ciwon hanta nau'in A, B, C da E, duk aikin bairas ne.

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Tana ci, tana hayayyafa da kanta, kuma ginin jikinta ya bambanta da namu, shi ya sa ake samun maganin da zai kashe ta ya bar mutum lafiya. Bairas ba haka take ba. Ba ta iya hayayyafa sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, ta tilasta musu su riƙa ƙera mata 'ya'ya dubbai. Duk maganin da zai tare ta, dole ya bi ta har can ciki, ya tsayar da ita ba tare da ya lalata inda ta ɓuya ba. Wannan ne dalilin da amoksisilin ɗin da ake saya a teburin mai magani don mura ba ya taɓa ƙwayar ko kaɗan. Shi ne kuma dalilin da yawancin magungunan bairas kowanne da cutar da ya nufa. Duk wanda ya ce maka kwalba ɗaya tana maganin sida da hanta da korona gaba ɗaya, maganarsa ta saɓa wa yadda waɗannan ƙwayoyi suke.

Magungunan da asalinsu tsiro ne

Masu raina ganye su sani cewa tsirrai cike suke da sinadarai masu ƙarfi. Bishiya ba ta gudu in ƙwari ko cuta sun far mata, da sinadari take kare kanta, shi ne ɗacin maɗaci da darbejiya da baurin bagaruwa. Daga irin waɗannan sinadarai ne aka samo magunguna masu yawa da ke kantin magani a yau. Kwinin daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka ya fito. Atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu, wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ce ta ciro shi daga wani tsiro ɗan uwan tazargade a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai a lura, waɗannan biyun na zazzaɓin sauro ne, wanda ba bairas ba.

A ɓangaren bairas misalan kaɗan ne, amma akwai su. Tamiflu, maganin mura mai tsanani da aka amince da shi a 1999, an daɗe ana fara haɗa shi daga wani sinadari da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar kayan ƙamshi ta kudancin Sin da Biyetnam, masu siffar tauraro. A 2005, da murar tsuntsaye ta tayar da hankalin duniya, har ƙarancin waɗannan 'ya'ya aka yi. To amma sinadarin da ke cikinsu ba ya maganin mura da kansa. Sai an bi da shi ta matakai masu yawa a masana'anta, an sauya masa kama, kafin ya zama Tamiflu. Mu da ke zaune a ƙasar auduga mun fi kowa gane wannan: audugar da manomin Garwa ya tara a gona ita ce asalin riga, amma sai ta bi ta gurza da kaɗi da saƙa da hannun tela kafin wani ya sa ta a jiki.

Akwai kuma man shafawa biyu da ake yi wa tsiron fata da wata bairas ke haddasawa a al'aura. Ɗaya daga saiwar wani tsiro mai dafi ake ciro sinadarinsa, kuma shafawa kawai ake yi, in aka sha yana iya kisa. Ɗayan daga koren ganyen shayi yake, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006. Ganyen shayin nan dai da muke dafawa kullum. Amma kofin shayi ba zai yi wannan aiki ba, domin man tataccen sinadari ne mai ƙayyadadden ma'auni, ana kuma ɗora shi kai tsaye a wurin.

"Bincike ya nuna" ɗin da ake yawan faɗa

Yawancin labaran da ke yawo a intanet da haka suke farawa: bincike ya nuna zogale, ko habbatus sauda, ko tafarnuwa na kashe ƙwayar cuta kaza. Sau da yawa ba ƙarya ba ne an yi binciken. Abin tambaya shi ne a ina aka yi shi, kuma a kan wa.

Ga yadda matakin farko yake. Mai bincike zai busar da ganye, ya niƙa, ya jiƙa a ruwa ko wani sinadarin tatsa, ya tace. Zai ɗauko wani ɗan faranti na roba mai ramuka jere, kowane rami da ƙwayoyin halitta da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje. Ya zuba musu bairas, ya ɗiga ruwan ganyen, ya sa a na'urar ɗumi, bayan kwana biyu ko uku ya duba ramukan da ƙwayoyin suka tsira. In sun tsira, sai a rubuta cewa tsiron yana da tasiri. Masana a Burkina Faso sun yi irin wannan da ƙullutun da ke fitowa a jikin sabara, suka ga yana rage hayayyafar bairas ɗin da ke sa wa kaji ƙuraje. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, kuma iyakarsa ke nan a wannan mataki.

Jikin mutum ba faranti ba ne. Abin da aka sha sai ya tsallake ruwan ciki, hanji ya tsotse shi, hanta ta bar shi ya wuce, ya kai inda bairas take da yawan da zai yi aiki, ya kuma daɗe kafin ƙoda ta fitar da shi. Da yawa a nan suke faɗuwa. Wanda ya tsallake sai a gwada shi a kan dabbobi, sannan mutane kaɗan masu lafiya don a ga ko yana cutarwa, sannan ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya da ake rabawa gida biyu, rabi a ba su maganin, rabi a ba su wani abu mai kama da shi, ba tare da sun san wanda suka samu ba.

Kamaru tana da nata labarin. A 1987 wani masanin tsirrai ya tsinko ganyen wata kurangar daji a gandun Korup da ke Kudu maso Yamma, aka aika da shi cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka. Aka gano yana ɗauke da wani sinadari da ke hana ƙwayar sida kashe ƙwayoyin halitta a faranti. An yi murna sosai, har an fara gwada noman kurangar a kusa da dajin. Da aka zo kan dabbobi sai aka ga ma'aunin da ake buƙata don ya yi aiki ya yi kusa ƙwarai da ma'aunin da ke cutarwa, aka dakatar. Da a ce ba a bi wannan mataki ba, da mutane aka ɗura wa.

Wani misalin ya fi kusa da ciwon da ya fi damun mu. A 1988 likitoci a Indiya suka wallafa cewa sun ba masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B wani ɗan tsiro da shi ma yake fitowa a ƙasarmu, wanda wasu ke kira geron tsuntsaye, kuma alamar cutar ta ɓace daga jinin 22 cikin 37. Duniya ta zabura. Da aka maimaita gwajin a Tailan da wasu ƙasashe, ba a sake ganin wannan sakamako ba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, a harkar magani kuwa gwaji ɗaya ba ya isa.

To me ya sa mutane ke rantsuwa sun warke?

Domin da gaske sun warke. Bai kamata a ƙaryata dattijon da ya ce idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja, ya sha jiƙon saiwar rawaya ko sassaƙen maɗaci mako biyu ya miƙe ba. Abin da ya faɗa ya faru. Inda gizo ke saƙa shi ne dalilin warkewar.

Yawancin cututtukan bairas garkuwar jiki ce ke gamawa da su. Shawara, wato rawayar ido, da ciwon hanta nau'in A da E ke kawowa ta gurɓataccen ruwa, irin wadda ta ɓarke a Am Timan da ke Chadi a 2016, kan wuce da kanta cikin makonni ga mafi yawan mutane. Cikungunya, cutar bairas da sauro ke yaɗawa, wadda ta kwantar da dubban mutane a Abeshe ta Chadi a 2020, ba ta da takamaiman magani ko a asibiti, amma kusan duk wanda ta kama ya tashi, ko da ciwon gaɓɓai ya ɗan daɗe. Ko nau'in B ɗin da ake tsoro, in babban mutum ne ya kamu, kusan 95 cikin 100 jikinsu na kore ta cikin wata shida. Ke nan wanda aka gwada a lokacin da ciwon ya taso aka ce yana da ita, ya sha jiƙo wata uku, aka sake gwadawa ba a gani ba, zai riƙe takardu biyu na gaskiya a hannunsa, kuma zai ba da shaida da zuciya ɗaya. Wanda bai sha komai ba shi ma haka takardunsa za su nuna, sai dai shi ba a kiransa gidan rediyo.

Wannan ne amfanin raba marasa lafiya gida biyu a wurin gwaji. Ba raini ba ne ga shaidar mutane, hanya ce kawai ta rarrabe aikin ganye da aikin jiki.

Darasin korona

A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya ƙaddamar da wani tsimi mai suna Covid-Organics da aka haɗa da ɗan uwan tazargaden nan, ƙasashen Afirka da dama suka karɓa. A Kamaru, Akbishop Samuel Kleda na Duwala, wanda ɗan asalin Arewa Mai Nisa ne kuma ya daɗe yana harkar tsirrai, ya fito da nasa haɗin, jama'a suka yi tururuwa. A 2021 ma'aikatar lafiya ta amince da wasu magungunan gargajiya huɗu, har da nasa, amma a matsayin mataimaka, wato abin da ake haɗawa da kulawar asibiti. Wannan sharaɗi ne ya ɓace a bakin jama'a, aka koma cewa gwamnati ta tabbatar da maganin korona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana ba, cewa ta yi a gwada, kuma a watan Satumban 2020 kwamitin masana da ta kafa tare da Tarayyar Afirka ya amince da tsarin yadda za a yi irin wannan gwaji. Akwai kuma wata fargaba da ta shafe mu kai tsaye. Yawan shan tsimin dangin tazargade na sa ƙwayar zazzaɓin sauro ta riƙa haɗuwa da atemisinin kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba, har ta saba da shi. An riga an ga alamun bijirewa maganin a Ruwanda da Uganda da Eritiriya. In abin ya iso nan, yaranmu ne za su biya a kowace damina.

Inda haɗarin yake

Ku tsaya a bakin tasha ranar kasuwa. Ga mota da lasifika a kanta, an jera tsofaffin robobin ruwa cike da wani abu mai launin ƙasa-ƙasa, an manna takarda: basir, sanyi, taifot, shawara, ciwon hanta. Wata baiwar Allah za ta matso ta rage murya ta ce, "Malam, ɗana ne aka ce yana da ciwon hanta." Shi kuma ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, roba uku zai sha, in Allah ya yarda ko a na'ura ba za a ƙara gani ba." Babu wanda ya san abin da ke cikin robar, ko ma'auninsa, ko na yau ya yi daidai da na makon jiya.

Ciwon hanta nau'in B shi ne inda wannan alkawari ya fi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022. Binciken ƙasa da aka yi a Kamaru a 2017 ya samu kusan 8 cikin 100 na manya da shi, kuma yankunan arewa na cikin inda ya fi yawa. Akasarin masu ɗauke da shi na dindindin tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, domin jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kusan 90 cikin 100 ne zai zauna da shi. Yana iya shekara ashirin ko talatin ba ciwon kai ba zazzaɓi, hanta na ƙeƙashewa a hankali, sai ranar da ciki ya kumbura. Mutum zai ji garau bayan roba uku, domin dama garau yake ji.

Har yanzu babu maganin da ke fitar da nau'in B gaba ɗaya, na asibiti ko na daji. Akwai dai tenofobir da ke danne ƙwayar ya kare hanta, kuma wanda ya fara sha ya yanke kwatsam, ciwon na iya tasowa da ƙarfin da ya fi na da. Nau'in C kuwa yanzu ana warkar da shi cikin mako 12 ga fiye da 95 cikin 100. Duk watan da mai shi ya ɓata yana shan jiƙo, hantarsa ce ke asara. Ga kuma cewa duk abin da aka sha ta hanta yake bi, hantar da ta riga ta jigata ba ta jure abin da mai lafiya zai jure.

A sida ma haka. A 2007 Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya ce ya samo maganinta daga ganyayyaki, ya sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu, kuma hukumar bin diddigin gaskiya da aka kafa bayan saukarsa ta saurari shaidar waɗanda 'yan uwansu suka rasu a wannan shiri. Ko haɗa biyun ma yana buƙatar shawara. Wani gwaji a Amurka ya nuna ƙwayoyin tafarnuwa da ake sayarwa a kwalba sun rage ƙarfin wani tsohon maganin sida a jini da kusan rabi. Tafarnuwar miya ba ita ake nufi ba, tatacciya ake nufi da ake sha kullum.

Hujjar masu maganin gargajiya

Su ma suna da abin faɗa, kuma a saurare su. Mai ciwon hanta da aka rubuta wa gwajin ƙidayar ƙwayoyi, wataƙila sai ya yi tafiya zuwa Garwa inda reshen cibiyar gwaje-gwaje ta Pasteur yake, ko ya jira a aika jininsa, da kuɗin da ba shi da su. Wani kuma likita zai duba sakamako ya ce ba ya buƙatar magani yanzu, ya dawo bayan wata shida. Maganar daidai ce a likitance, domin ba kowane mai ɗauke da ƙwayar ke buƙatar magani nan take ba, amma in ba a zaunar da shi an yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin da yake ji ba, fita zai yi yana ganin an sallame shi ya je ya mutu. Mai magani na unguwa kuwa zai ba shi tabarma, ya saurare shi, ya karɓi abin da ya sawwaƙa. Kuma dole a bambanta dattijon da ya gaji sani daga iyayensa, wanda in ciwo ya fi ƙarfinsa zai ce a tafi asibiti, da ɗan kasuwar da ya sayi lasifika.

Suna kuma tsoron su bayyana sirrinsu wani ya kwashe ya yi arziki. Tsoron yana da tushe, shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce a nemi izinin masu tsiro da masu sani, a kuma raba riba da su. Kamaru na da cibiyar binciken magunguna da tsirrai a Yawunde, ga jami'o'in Ngaundere da Marwa da Njamena da ɗalibansu ke rubuce-rubuce a kan sabara da marke da aduwa. Matsalar ita ce yawancin aikin a matakin faranti yake tsayawa, domin gwaji a kan mutane na cin kuɗi masu yawa. Da gwamnatocinmu za su zaɓi tsirrai biyu ko uku da aka fi ba masu ciwon shawara, su biya kuɗin gwada su har ƙarshe tare da masu maganin, da mun san wanda za mu riƙe da wanda za mu bari.

Abin da ya rage ga mai gida da uwar gida

Zuma da lemun tsami da citta don mura ba laifi, suna sauƙaƙa maƙogwaro kafin jiki ya gama aikinsa, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Idan ido ya yi rawaya, a fara da gwajin jini a san ko wace iri ce, tun da shawara alama ce da cututtuka da yawa ke kawowa. Mai ciki da ta ga haka kada ta kwana a gida, domin nau'in E na iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar na matan da ya kama a watannin ƙarshe. Mai shan maganin sida ko na hanta kada ya ajiye shi don wani jiƙo, kuma ya gaya wa likita duk abin da yake sha, shi ma likitan ya tambaya ba da faɗa ba. Allurar nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Kamaru tun 2005, kuma akwai wadda ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Mai cikin da ta san tana ɗauke da ƙwayar ta tambayi ungozomar asibiti tun kafin naƙuda ko akwai allurar a wurinsu, in babu, a ina za a samo.